Ƙaramin Inji Ba Ya Kayar da Maɗaci

Unguwar Kanawa,
Kaduna.
Ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Ilyasu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida Rabi da 'yar jikata Ummi, da fatan ruwan Katabu ya karɓe ku. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya tsare maka hannuwa biyu da ƙafafu biyu, Ya riƙa mayar da kai ga iyalinka yadda ka fita. Ni ina nan da sauƙi, sai ƙafar nan da ka sani.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayar ba na jin ta sosai, kuma da na fara magana sai ka ce, "To Baba, to Baba," ka kashe. Takarda ba ta da wurin kashewa. Malam Sani direba, maƙwabcinmu, shi zai kawo maka ita tare da wani ƙunshi a leda. Abin da ke cikin ledar ka san shi, tunda kai ka jefar da shi. Ka zauna ka karanta har ƙarshe. Ka yi haƙuri da rubutun, domin tun ran Litinin raina a ɓace yake.

Sati biyu ke nan da ka tashi daga gidan nan, kai da ka rage mini a gida cikin 'ya'yana. Da na ji sallamarka ran Litinin, har na lallaba na ɗora ruwan shayi, ina cewa yau zan sami abokin hira. Ashe ba hira ta kawo ka ba. Ka kwance buhu a tsakar gida ka fito da ƙaramin injin yankan itacen nan, wanda na saya bayan na yi ritaya daga aikin gandun daji, na yi shekaru ina rage wa mutanen unguwa rassan mangwaro da darbejiya da shi, na kuma ba ka shi ranar da za ka tashi don ka nemi abincinka.

Ka ce, "Baba, tsaya ka ji wani abu."

Ka ja igiya. Tattabarun Malam Sani suka watse daga kan katanga gaba ɗaya. Ni da kunne ɗaya ya rage mini, a ƙirji na ji ƙarar.

Kana dariya ka ce, "Ka ji shi? Yanzu ya zama namiji."

Na ce, "Wa ya taɓa shi?"

Ka ce, "Wani gwani ne a bakin titinmu, mai gyaran babura. Ya huda salansa, ya murɗa kafireta, ya sa masa dogon ƙarfe. Dubi sarƙar, an goge ta. Yanzu cin itace yake kamar kura ta sami akuya."

Na ce, "Ina birkin?"

Sai ka zaro shi daga buhu, ka wurga shi gindin bango, ka ce, "Ya ce wannan na matsorata ne, nauyi kawai yake ƙarawa. Ga shi nan, ka ajiye na tarihi."

Daga nan ka gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Wai wani ya sayi fili a Katabu zai yi gini, akwai tsohon maɗaci a tsakiyar filin wanda mutum biyu ba sa rungume shi, ya ce ka kayar ka kwashe itacen ya zama ladanka. Wai ran Asabar da safe za ka yi, kai kaɗai, da wannan injin.

Na san abin da na yi bayan haka. Na ɗaga murya, na kira ka sakarai, matar Malam Sani tana ji ta kan katanga. Ka ɗaure buhunka ka fita, shayin ya huce a buta. Wannan kuskurena ne, kuma da shi zan fara: mutum mai mata da 'ya ba a zaginsa maƙwabta na ji. Ka yafe mini zagin. Amma maganar ban janye ta ba, ko harafi ɗaya. Kai ma in ka tsufa ka ga ɗanka zai faɗa rami, ka riƙe harshenka ka riƙe hannunsa, domin ni harshen na saki, hannun ya kuɓuce mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk abin da gwanin naka ya yi, babu sabo ko ɗaya. Ni na riga shi. Na yi su duka tun ba a haife shi ba, in ma ba ƙari na yi ba. Ba ka sani ba ne don ban taɓa gaya maka ba. Kun tashi kuna jin ina cika baki a majalisa, wai na kayar da kaza a Doka, na kayar da kaza a hanyar Zariya, babu wanda ya taɓa jin inda na yi ɓarna. Yau za ka ji.

Lokacin da nake kamar shekarunka, aikinmu shi ne rage bishiyoyin da suka yi wa gidajen ma'aikata rumfa a Doka. Na tara abin da na tara na sayi nawa injin, ƙarami, don in riƙa yin aikin Asabar da Lahadi. Sauran ma'aikata suna da manyan injunan ofis, in sun tayar unguwa ta ɗauka, nawa kuwa kamar sauro. Suka sa masa suna "keken ɗinki". In na iso sai su ce, "Ga tela nan ya zo, wa ke da yagaggen wando?" Wannan tsokanar ce ta kai ni, ba wata bukata ba. Na kwance salansa, na sa ƙusa da guduma na yi mata huda uku. Da na tayar, ƙarar ta cika layi, na ji kaina ya yi girma.

Ba zan yi maka ƙarya ba, domin in na yi za ka kama ni ka watsar da sauran maganar. Huda salansa tana ƙara ɗan ƙarfi, hayaƙi yana samun hanya. Amma ƙarfin da take ƙarawa bai kai rubu'in ƙarar da take ƙarawa ba, kuma kunnen mutum ba ya bambanta su, sai ya ɗauka duk ƙarar nan ƙarfi ce. Shekara da shekaru wannan hudar tana daidai kunnena na hagu. In na tashi aiki sai in ji kamar gyare yana kuka a kaina, in ce gajiya ce. Wata rana gyaren ya yi shiru, kunnen ma ya yi shiru tare da shi.

Ka san mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ba mai ɗaga murya ba ce, balle da ciwo ya ci ƙarfinta. A makonta na ƙarshe, wata rana bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida, tsakanina da ƙofar ɗakinta bai fi taku shida ba, kunnen hagu ne ke fuskantar ɗakin. Ta yi ta kira tana son ruwa. Sai da matar Malam Sani ta ji daga gidansu ta zagayo, ta wuce ni ina zaune ina gyara carbi, ta shiga ta ba ta. Da na shiga, mahaifiyarku ta ce, "Malam, na ɗauka fita ka yi." Huda uku da ƙusa, don kada a ce mini tela. Ka mayar da salansa mai lafiya a injin nan. Ka samo abin toshe kunne, in babu ko auduga ce ka cusa. Ummi za ta kira ka wata rana da ƙaramar murya, ka bar wa kanka abin da za ka ji ta da shi.

Na biyu, kafireta. Da na huda salansa sai wani ya nuna mini ɗan sukurun da ake murɗawa a rage fetur, injin ya riƙa ihu sama-sama. Na murɗa har ya koma kukan da na ji naka yana yi ran Litinin, kuka siriri, babu kauri a ciki. Kai kana jin namiji, ni ina jin mai ƙishirwa. Injin irin wannan ba shi da wurin zuba mai daban kamar mota. Man da ka gauraya a fetur shi ne kaɗai abin da ke sanyaya masa ciki. In ka rage fetur ka rage man ke nan, ga shi kuma ka buɗe masa hanya yana gudu fiye da ƙa'ida. Ni har da ƙarin wauta, gwangwanin tumatir nake awo da shi, in man kirki ya ƙare in karɓo baƙin mai da aka juye daga mota a wurin makanikai, in ce ai mai mai ne.

Ranar da ya saka mini, ina kan wani mangwaro a Doka, na ci rabin wani babban reshe da ya haye rufin gidan wani akawu. Injin ya yi wani ƙyas, ya tsaya. Fistin da ke cikinsa ya liƙe. Reshen ya riga ya fara tsagewa, ya matse ƙarfen, ba gaba ba baya. Na sauko ina neman gatari, kafin in dawo iska ta ƙarasa mini aikin ta inda ta ga dama. Reshen ya sauka a kan ɗakin girki. Minti kaɗan kafin nan matar gidan ta fito da tukunya. Ta tsaya tana duban kwanon rufin da ya lotse a kan murhunta, ta dube ni ta ce, "Malam, da ma abin da aka turo ka yi ke nan?" Har yau in na tuna ina jin kunya.

Reshe ne fa wannan, Ilyasu. Kai gangar maɗaci za ka shiga. In injin ya mutu maka bayan ka ci rabinta, me za ka yi? Bishiyar da aka ci rabinta ba ta tsaye, ba ta kwance, ba ta da ubangida. Ba za ka iya barinta ka tafi ba, ga gidaje ana ginawa kewaye, ga mutane na wucewa, ba kuma za ka iya ƙarasa ta ba. Wanda ya murɗa maka sukurun yana can bakin titi yana shan rake. Babur in ya mutu a hanya sauka ake a tura shi. Shin ya taɓa tsayawa ƙarƙashin abin da ya yanka rabi? Wa ya ba shi izinin sa hannu a abin da bai san inda ake kai shi ba? Mutum ya iya gyaran babur sai ya ɗauka duk abin da ke shan fetur ƙanen babur ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai wannan karon a wuyanka ya rataya shi, ba a nasa ba.

Dogon ƙarfen da ya sa maka kuwa, wanda sarƙa ke gudu a kai, kaya ne ya ƙara wa injin, ba ƙarfi ba. Haƙoran da zai ja sun ninka, cikinsa yana nan yadda yake. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, an kuma rage masa ruwa, sannan ana tafa masa don yana haki da ƙarfi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Ka san Baba Buba, abokina, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, wanda kuka tashi kuna ganin yana miƙa hannun hagu in za a gaisa yana cewa, "A yi haƙuri da hagu." An gaya muku tsautsayin aiki ne. Haka ne, amma tsautsayin da hannuna aka haɗa shi.

Bayan na gyara injin daga waccan ɓarnar, ban yi hankali ba. A gaban kowane haƙori na sarƙa akwai ɗan tudu da ke hana haƙorin nutsewa cikin itace fiye da kima. Na sa magagari na goge su, kamar yadda aka goge naka, don ya riƙa cin itace da yawa. Ya kuwa ci, amma sai ya zama mai fizga, yana cafka yana zillo. Duk zillon da ya yi sai birkin ya kama, sarƙa ta tsaya, domin aikinsa ke nan: in injin ya yi tsalle ya nufo fuskarka, marfin nan na gaba ya bugi hannunka, sarƙa ta tsaya kafin ta iso. Ni kuwa sai na ga yana ɓata mini lokaci. Na samo waya na ɗaure shi ta baya yadda ba zai motsa ba, na shafa baƙin mai a kan wayar don kada a gani a yi mini dariya. Na saba da halinsa, na san yadda zan riƙe shi, na ce ai ni kaɗai ke aiki da shi.

A nan na yi kuskuren da ya fi duka. Na manta a inda nake zaune. A garin nan akwai kayan aikin da mutum ɗaya ke aiki da shi? Tsani, baro, gatari, guga, duk na unguwa ne. Maƙwabci ya yi sallama ya ce a ba shi aro, ka isa ka hana? Wata Asabar Buba ya zo, ya ce darbejiyar gidansu ta kai wayar lantarki, in ba shi injin zuwa azahar. Shi ma'aikaci ne irina, ya fi ni iya riƙe inji. Na ɗauko na ba shi. Maganar ta zo mini har baki, in ce, "Buba, na goge sarƙar, na kuma ɗaure birkin." Sai na tuna shi ne kan gaba wajen kirana tela, in ya ji zai kai labari ofis. Na haɗiye. Har ya juya ya ce, "Keken ɗinkin naka dai yana ɗinki ko?" Na ce, "Gwada ka gani."

Kafin azahar aka aiko mini cewa Buba ya ji ciwo. Bakin ƙarfen ya taɓi wani reshe ta sama, injin ya yi tsalle, sarƙar ba ta tsaya ba. Ta sauka a kafaɗarsa ta dama. An ɗinke naman a asibiti, amma jijiyoyin sun tafi. Da na je ɗauko injin daga gidansu, abin da na fara yi, kafin in wanke jinin, shi ne kwance wayar nan na jefa a masai. A gadon asibiti Buba ya ce mini, "Haruna, kada ka damu kanka, birkin ne bai kama ba. Kayan Bature ma yana saɓa alkawari. Abin da Allah Ya rubuta ne." Na ce, "Haka ne." Na bar shi ya jingina wa ƙaddara abin da na ƙulla da waya.

Fiye da shekara talatin yana cin tuwo da hagu. Aikin ya bari, ya koma gadi. Duk wanda ya miƙa wa hannu sai ya ba shi haƙuri, har ni. Ni yake ba haƙuri, Ilyasu.

Da ka wurga birkin nan gindin bango ka fita, na daɗe ina dubansa. Jiya Talata da hantsi na ɗauki sanda na tafi gidan Buba, na same shi a zaure yana sauraron rediyo. Na gaya masa duka, yadda na gaya maka yanzu. Da farko dariya ya yi, ya ce, "Kai dai tsufa ya fara taɓa ka." Da ya ga ban yi dariya ba, ya kashe rediyon. Can ya ce, "Da waya?" Na ce, "Da waya." Ya ce, "Kuma ka sani lokacin da ka miƙo mini?" Na ce, "Na sani." Ya dubi hannun nan da ke kwance a cinyarsa, ya ce, "Da ka bar ni da ƙaddarata, Haruna, da ta fi mini sauƙin ɗauka. Tashi ka tafi. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba."

Yau da asuba ya canza sahu. Da aka sallame ya gaisa da kowa, ya wuce ni. Shi kaɗai ne ya rage mini wanda muke zama mu tuna mutanen da, yanzu shi ma babu. Ba na ɗora maka wannan, nawa ne, ni na saya da hannuna. Na gaya maka ne don ka san maganar da nake yi ba ta tsoho mai tsoro ba ce. Kuma ka duba kusa da kai. A Katabu kowa gini yake, kowa na da reshen da ke damunsa. Ba za ka yi wata guda ba sai wani ya yi sallama ya ce ka ba shi aro. Duk wanda ya canza halin kayan aiki bai faɗa ba, tarko ya ɗana, kuma ba shi ke zaɓar wanda zai taka ba.

Har yanzu in na tuna kalmar nan, "na matsorata ne", sai in ji jinina ya hau. Mutanen da suka ƙera injin nan ba su fi gwaninka tsoro ba, sun dai fi shi ganin gawa. Kowane ƙarfe da suka liƙa a jikinsa, wani ne ya zubar da jini kafin a liƙa shi. Sai wani mai sifana uku a bakin titi ya cire ya ce nauyi ne. Ya zo ya tambayi Buba nauyin hannun da ba ya motsi. Ku kuma kun ga ana yi a waya, wani a wata ƙasa ya huda inji ya yanka gungume cikin ƙiftawar ido, kun ce ga ilimi. Shi wancan gungumensa a ɗaure yake a ƙasa, kansa da hular ƙarfe, ƙafarsa da rigar kariya, in injin ya ƙone ya ɗauko wani. Kai da silifa za ka je, injin kuma shi ke nan gare ka.

In ƙarfi kake nema, ga inda yake, kuma ba sai an huda komai ba. Ka sayi sabuwar sarƙa, waccan da aka goge ta riga ta lalace, ka jefar. Ka riƙa wasa haƙora duk sanda ka ƙara fetur, kana bin kusurwarsu, ka bar tudun nan yadda yake. Inji mai kaifi yana fitar da ɓarzar itace manya-manya, in ka ga gari yana fita kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Ka wanke matatar iska kullum. Ka sa man da aka yi don shi, bisa awon da aka rubuta a jikin robar, ban da gwangwani, ban da baƙin mai. Ka mayar da gajeren ƙarfensa. Ka kai shi wurin masu gyaran irinsa, ba masu babura ba, su mayar da kafireta daidai, su ɗaura birkin da ke cikin ledar nan, ka gwada shi a gabansu ka ga sarƙa ta tsaya. In ka yi haka zai yi maka rassa da ƙananan bishiyoyi shekara goma bai gaji ba. Ni da shi na ciyar da ku bayan ritaya, ba a taɓa jin kansa ba.

Maɗacin kuwa, ko injin yana da lafiya ƙalau, ba sa'ansa ba ne. Ka je wurin mai filin ka ce aikin ya fi ƙarfin kayanka. Na san abin da ke cin ka, kunyar faɗar haka, kana sabon zuwa kana son a san ka. Irin kunyar da ta hana ni buɗe baki ran Asabar ɗin can ce, na gane ta tun daga nesa. Akwai masu manyan injuna a wajen 'yan katako, da igiyoyinsu da mutanensu. Ka kira ɗaya ya kayar, ya ɗauki gangar, kai ka ɗauki rassa. Rassan tsohon maɗaci ba ƙaramin itace ba ne. Ka kuma tambayi mai filin ko ya nemi izinin sara, domin bishiya irin wannan ba a kayar da ita don mutum ya ga dama, kada ka ɗauki laifin wani a kanka. Wanda ya ce "ban iya wannan ba" sau ɗaya, mutane sun fi yarda da shi ranar da ya ce "na iya".

Na san akwai kalmar da in na rubuta ta, ko kana so ko ba ka so za ka fasa. Kowane uba ya san ta. Na ɗora biro zan rubuta, na ɗaga. Ban taɓa yi wa ɗayanku baki ba, ba kuma zan fara da kai ba, ga ni da ƙafa ɗaya a kabari, ni ma ina jiran wani ya yafe mini. Albarkata tana tare da kai ko ka ji ko ba ka ji ba.

Amma ga abin da zan yi, kuma ka san ba na faɗar abin da ba zan yi ba. Malam Sani zai biyo ta wurinka ran Juma'a da yamma in ya dawo daga Zariya. In ka ba shi amsa cewa ka fasa, ko a baki ne, shi ke nan, in zauna a gida in yi maka addu'a. In bai zo mini da komai ba, na riga na gaya masa ya ajiye mini kujerar gaba ran Asabar bayan asuba. Shekara biyu rabona da wuce Kawo, likita ya ce kada in yi dogon zama a mota, to likitan ya ji da kansa. Ba sai ka nuna mini filin ba, maɗacin da mutum biyu ba sa rungumewa ba ya ɓuya a Katabu. Zan shimfiɗa buzuna a gindinsa, in jingina bayana da shi, in zauna. Ba zan yi maka faɗa ba, ba zan ce uffan a gaban mutane ba. In ka ga za ka iya jan igiyar ina wurin, sai ka ja.

Ka gaida Rabi, ka ce mata na gode da yajin da ta aiko. Ka shafa mini kan Ummi. Allah Ya kiyaye ka daga ƙarfe da itace da gangancin zuciya, Ya kiyaye mutane daga hannunka, Ya ba ka abincinka ta hanyar da ba jini a ciki. Ya sa ka tsufa da gaɓoɓinka cikakku, Ya sa ku ne za ku binne ni, ba ni zan binne ku ba. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna